Ɗana mai tekwando ba shi da ƙarfin jiki: in bar shi ya ɗaga ƙarfen siminti?

Baban Nasiru (Bukoki, Yamai)

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen masu koyar da wasannin faɗa da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu.

Ɗana Nasiru shekararsa 10, yana CM1, aji biyar na firamare. Wata 14 ke nan da na sa shi tekwando a wani kulob nan kusa da mu, Laraba da yamma, Asabar da Lahadi da safe, ina biyan jika uku a wata. Ba ni na tura shi ba. Bidiyon Alfaga ya gani a wayar ƙanena, faɗan gasar Olamfik ta Riyo a 2016 da ya kawo wa Nijar lambar azurfa, daga ranar ya hana ni sakat. Ni tela ne a kasuwar Wadata, farar rigarsa ta farko ma da hannuna na ɗinka masa.

Ƙafa dai yana da ita. Yana kai ta kan wanda ya fi shi tsawo, metir ɗinsu, wato mai koyar da su, ma ya yaba masa a gabana. Amma siriri ne kamar sillen kara, kilo 27 a sikelin mai shago. Asabar da ta wuce wani kulob ya kawo musu ziyara, aka haɗa shi da yaro sa'ansa, nauyinsu kusan ɗaya. Yaron nan bai fi shi iya duka ba, wallahi ina tsaye ina kallo. Matsowa kawai yake yi ya sa masa ƙirji, da Nasiru ya ɗaga ƙafa sai ya tafi ƙasa. Sau uku. Na goyo shi a moto har gida bai ce uffan ba, da dare ya ture kwanon tuwo ya kwanta. Abin ya tsaya mini a rai.

Ƙanena magini ne. Da ya ji labari sai ya cika manyan gwangwanayen madara biyu da siminti, ya soka rodi a tsakani, ya kawo mana. Na auna, kilo 12. Ya ce yaron ya riƙa ɗaga shi sama da kai sau 50 kowace safiya kafin lekol, wata biyu za mu ga dantse. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ba a gidan da take ba, ƙashin yaro ɗanye ne, tsumburewa zai yi. Wani abokin aikina kuma ya ce in daina wahala, in saya masa ƙwayoyin nan na masu talla a tire da ke buɗe ciki, sati uku zai murje. Uwarsa ta ce atafau.

Yanzu ƙarfen yana jingine a zaure, yaron yana kallonsa yana kallona. Gaskiya ne ɗaga nauyi yana hana yaro tsawo? In ba wannan ba, da me ake sa wa ɗan shekara 10 ƙarfi? Ba ni da kuɗin abincin gwangwani na ƴan wasa, abin da ke tukunyarmu shi ne shi. Allah ya saka wa duk wanda ya amsa.

Metir Tallaje

Wa alaikumus salam Baban Nasiru. Allah ya raya mana shi. Na shekara 11 ina koyar da yara, kuma wannan kukan na iyaye ba baƙo ba ne a kunnena.

Amsar tana cikin abin da ka gani da idonka. Ka ce in ya ɗaga ƙafa aka matse shi sai ya faɗi. To ai ba dantse ya rasa ba. Ƙafar da ta rage a ƙasa, da ƙugu, da ciki, da gadon baya, su ne suka kasa riƙe shi. Ƙarfen ƙanenka kafaɗa da hannu zai ba aiki, a wasan da mafi yawan makinsa daga ƙafa yake fitowa. Ko da ya ɗaga shi sau ɗari, ranar faɗa haka zai sake faɗuwa.

Sannan ka san wannan, don kar ka karaya. Yaron da bai balaga ba jikinsa bai fara fitar da sinadarin da ke kumbura tsoka da yawa ba, wato testosteron. Ƙarfinsa yana ƙaruwa sosai in ana motsa shi, amma ta wata hanya: ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon kiran tsokoki su yi aiki tare a lokaci guda. Sai ka ga yaro ya ninka yawan pomp (dafa ƙasa da hannu ana sauka ana tasowa) ɗin da yake yi cikin wata biyu, hannunsa kuma yana nan yadda yake. Kar ka ɗauko tef ɗin ɗinkinka ka zagaya masa dantse, ba abin da zai nuna maka. Ka auna da abin da yake iya yi yau wanda bai iya ba a watan jiya.

Abin da nake ba yarana masu shekarunsa bai wuce minti 20 ba, kuma ba ya cin ko dala. Bayan sun ɗan yi gudu jiki ya yi ɗumi, sai tsugunne-tashi a hankali, diddige a ƙasa, gwiwa ba ta karkata ciki. Sai rarrafe da tafin hannu da ƙafa, gwiwa ba ta taɓa ƙasa, gaba da baya. Sai baro, ɗaya ya riƙe ƙafafun ɗaya ya yi tafiya da hannu, amma da ka ga bayansa ya lotsa ka sauke shi. Sai ya miƙe a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa kamar katako, daƙiƙa 20 zuwa 30. Sai rataya a reshe ko ƙarfen rumfa. Wanda ya fi dacewa da Nasiru kuwa shi ne tsayuwa da ƙafa ɗaya: da farko ido buɗe, sannan ido rufe, sannan kai kana ɗan tura shi a kafaɗa yana ƙoƙarin tsayawa. Kowane motsi sau 8 zuwa 15, zagaye biyu, kwana biyu ko uku a sati, ana barin kwana ɗaya a tsakani. Da motsin ya fara lalacewa a tsaya, ko lissafi bai cika ba. Sau biyar masu kyau sun fi hamsin na gantali.

Maganar Inna kuwa, tana da gaskiya a wani gefe. Ɗaga nauyi daidai ƙarfin yaro, a gaban wanda ya sani, ba ya hana tsawo, ƙashi ma ƙarfi yake ƙarawa. Amma a bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi mai laushi, daga nan ƙashin ke tsawo, kuma ba ya rufewa sai bayan balaga. In nauyi ya fi ƙarfinsa ya kufce, ko ya murɗe masa wuyan hannu, wurin nan na iya tsagewa, kuma irin wannan raunin shi ne ke iya taɓa girman ƙashin. Kilo 12 a hannun mai kilo 27 ya kusa rabin jikinsa. Sama da kai, da sassafe, ba mai tsaron bayansa, kuma siminti ba ya raguwa balle ka ce a fara da kaɗan. Ka mayar wa ƙanenka kayansa da godiya, niyyarsa mai kyau ce.

Ka kuma ce da Nasiru ya sake kallon Alfagan da kyau. Tsawonsa ya haura mita 2, kuma ba mai tarin nama ba ne. Yana da shekara 21 ya ci azurfar Riyo, a 2017 ya zama zakaran duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. A tekwando siriri mai doguwar ƙafa ba abin tausayi ba ne. Rukunin kade na yara ƴan gasa ma daga shekara 12 yake farawa zuwa 14, ɗanka ko nan bai kai ba tukuna.

Abu ɗaya nake roƙon ƴan'uwana masu koyarwa: mu daina yi wa yara horo da pomp da tsallen kwaɗo in sun yi laifi. Yaron da aka saba hukunta shi da motsa jiki, ranar da ya samu ƴancin kansa ba zai sake yi ba.

Dattijon Adar (Tawa)

Salamu alaikum. Jikana ke rubuta mini, ni ina faɗi.

Ɗana, na ji batun yaronka. Ni ban san wanga wasa na Koriya ba, amma kokowa na yi ta tun ina ƙarami har gwiwa ta ce a'a. Ban kai ga takobin da ake ba zakaran ƙasa ba, kokowar kaka munka yi, gari-gari, in an cire amfanin gona. Ina saurayi anka yi gasar ƙasa ta farko nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yanzu jiha takwas kowace na kawo mutum goma, ƙarti 80 a fili. Ka tambayi kowane cikinsu in da ƙarfen siminti ya fara yana ɗan shekara goma.

Abin da metir ya ce na tsayuwa da ƙafa guda, mu muna da shi tun kakanni, sunanshi langa. Ka kama babban yatsan ƙafarka ta baya da hannu guda, ka yi ta tsalle da ɗayar, kana ture abokin karawa da kafaɗa da hannun da ya rage. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu. Da farin wata muke yi cikin rairayi har iyaye su koro mu. Yaron da ya iya langa, wallahi ko ƙato ya sa mishi ƙirji sai ya yi da gaske. Kuma yaro bai san aiki yake ba, dariya yake yi. In ka ce mishi ya tsaya da ƙafa guda cikin ɗaki kai kana ƙirga, kwana huɗu zai gaji da kai. In ka tara mishi yaran layi, kai za ka gaji da kiranshi.

Sauran ƙarfinmu daga rairayi ya zo, da jan guga, rijiyoyin Adar kuwa ka san zurfinsu, da hawan icce, da hura da nono mai kauri. Yaran birni an ɗauke su a moto an kai lekol, an ɗauko an aje gaban waya, sa'annan a ce awa biyu na kulob su gyara komai. Ba su gyarawa. Bar shi ya taka da ƙafarshi in wurin ba nisa.

Amma kar ka ji na yaba aikin da, ka ce duka alheri ne. Ni an ɗora mini buhun hatsi a ka tun ban isa ba, don ana ganin ina da jiki. Yau wuyana da bayana su ke ba ni labari kowace asuba. Gyatumarka ta san abin da ta gani, shi ya sa ta hana. Ka gaishe ta.

Maman Aisha (ma'aikaciyar jinya, Yantala)

Baban Nasiru, kafin komai, don Allah ka ƙara wa matarka godiya da ta hana ƙwayoyin nan. Su suka sa na kasa wucewa ban yi magana ba.

Abin da ake sayarwa a tire da sunan maganin ƙiba, galibi ɗayan biyu ne ko an haɗa su: deksametazon da siproheptadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana buɗe ciki yana kuma sa barci, yaro ya yini yana gyangyaɗi a aji. Na farkon shi ne mugun. Kumatu su cika, ciki ya fito, mutane su ce ya yi kyau, alhali ruwa ne da kitse. A ƙarƙashi tsokar hannu da cinya narkewa take, ƙashi na yin rauni, sukarin jini na hawa, garkuwar jiki na faɗuwa. Kuma in ana neman abin da ke hana yaro tsawo da gaske, to ga shi nan, in an daɗe ana sha. Wanda ya riga ya saba da shi ma ba a yanke masa rana ɗaya, sai likita ya riƙa ragewa a hankali. Na ga yaran da aka kawo mana da wannan kumburin, ba na fatan in ga ɗanka a cikinsu.

Kilo 27 a shekara 10 ba abin tashin hankali ba ne shi kaɗai, wasu haka ƙirarsu take. Amma tunda ka ce siriri ne, har ya ture abinci, ka kai shi a auna nauyi da tsawo tare, a duba jininsa. Ƙarancin jini ya yi yawa a yaranmu, saboda zazzaɓin sauro da tsutsar ciki da abincin da hatsi ya fi yawa a ciki. Yaro mai ƙarancin jini ko wane metir ya samu zai riƙa haki da wuri. In ba a taɓa yi masa gwajin sikila ba a yi, in kuma yana wanka a kogi ka faɗa musu su duba tsargiya.

Abinci kuwa, tukunyarku ta isa in an gyara mata zama. Kar ya fita lekol da ruwan shayi da guntun burodi kawai. Ƙwai ɗaya yana da furotin wajen giram 6. Wake da shinkafa, ƙosai, awara, ƙuli-ƙuli a cikin zogale, dambu, nono a fura, busasshen kifi a miya, fara in lokacinta ya yi, duk masu gina jiki ne kuma ba su kai nama tsada ba. Ka matsa lemun tsami a kan wake ko zogale, yana taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Shayi kuma akasin haka yake yi, a raba shi da lokacin cin abinci. In ya dawo daga kulob a ba shi wani abu ya ci kafin wanka ma, ko fura ce da gyaɗa.

Barci nake ganin iyaye sun fi rainawa. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. A cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Yaron da ke kallon waya har sha ɗaya a tashe shi biyar da rabi, an ci masa bashin da ƙwai ba zai biya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaran shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kowace rana, da wasannin ƙarfafa tsoka da ƙashi kwana uku a sati. Ka ga langar da Baba ya kawo ta shiga lissafi.

Ga zafi na tafe, Afrilu da Mayu Yamai na haura digiri 40. Ya tafi da gorar ruwansa, ya sha kafin a fara da kuma tsakani. In fitsarinsa ya yi ja-ja ruwa bai ishe shi ba. In kuma ya fara kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige, abu ne da ke samun yara masu tsalle-tsalle lokacin da ƙashi ke tsawo. A rage masa tsalle, kar a ce raki ne. In akwai kumburi ko ɗingishi, a yi hoton ƙashi kafin a kai wa mai ɗori.

Ɗan Harobanda

Ni fa ban yarda a tsorata mutane da ƙarfen siminti ba. Da shi na fara ina shekara 13 a bayan gidanmu, yau ina 24, tsawona mita 1 da 82, ina judo, ba abin da ya same ni. Ba kowa ke da kuɗin zuwa sal, ɗakin motsa jiki, ba. In an hana ɗan talaka gwangwani da rodi, me aka bar masa?

Metir Tallaje

Ƙanena, ba gwangwanin nake ƙi ba, ni ma da shi na tashi. Amma 13 ba 10 ba ce, a lokacin jikinka ya fara juyawa, kuma judo riƙo da ja ne, dole hannu ya yi ƙarfi. Allah ya kuma tsare ka, ba duk abokanka na bayan gida suka fita lafiya ba, in ka tuna da kyau. Nasiru in ya iya tsugunne-tashi 15 masu tsabta da pomp 10 baya a miƙe, sai a ba shi sanda ya koyi yadda ake ɗagawa, daga nan gorar lita ɗaya da rabi cike da rairayi, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Ɗan talaka ma yana da rairayi.

Baban Nasiru (Bukoki, Yamai)

Salamu alaikum. Sati uku ke nan, na dawo in ba ku labari don kun yi mini abin da ƴan'uwa ke yi.

Maman Aisha, kin yi gaskiya. Na kai shi asibitin unguwa, an ce jininsa ya yi ƙasa kaɗan, ba sikila alhamdu lillahi. An ba shi maganin tsutsa da na ƙarin jini, an ce mu koma bayan wata. Yanzu kowace safiya ƙwai ɗaya ko ƙosai, uwarsa kuma ta mayar da wake sau uku a sati. Waya tara na dare take komawa aljihuna. Kwana biyun farko an sha daru, yanzu kafin tara da rabi ya yi nisa.

Ƙarfen na mayar wa ƙanena. Bai ji daɗi ba da farko, sai da na karanta masa amsar Metir, ya yi shiru ya ce to a ajiye masa shi zuwa shekara uku. Inna ta ce a gaishe da Baba na Tawa, ta ce ita ma ƴan'uwanta maza langa suka yi a Dogon Dutsi.

Baba, langar nan ta kama layinmu. Akwai tarin rairayin gini kusa da masallaci, mai shi ya yarda mu baje kaɗan. Ranar farko yara huɗu ne, jiya na ƙirga 11 bayan la'asar, har da ƴan mata biyu, kuma ɗayarsu ce ta fitar da kowa. Ni na nuna musu yadda ake kama ƙafar, na ga ashe ban manta ba.

Ranar da muka fara, Nasiru daƙiƙa 6 ya yi da ƙafa ɗaya ido rufe. Shekaranjiya ya yi 19 da ta dama. Asabar an sake haɗa su faɗa a kulob da wani mai matsowa, ya faɗi sau ɗaya, bai ci ba, amma a moto surutu ya yi ta yi mini har gida yana nuna yadda ya kauce.

Metir, saura tambaya ɗaya. Ƙafar hagu har yanzu ba ta wuce daƙiƙa 8, kuma da ita yake tsayawa in zai yi duka da dama. In ƙara mata zagaye ɗaya ita kaɗai, ko in bar su daidai? Baba kuma, a langarku ana yarda a canza ƙafa a tsakiyar wasa? Yaran suna ta gardama a kai, na ce su bari in tambayo Tawa.